Jan Hanci Bayan Furfura: Jagora ga Dattijon da Ke Son Koyon Barkwanci

A watan Nuwamba na shekarar 2016 Oleg Popov, shahararren ɗan barkwancin Rasha, ya rasu yana da shekara 86, kuma ajali ya riske shi ne a birnin Rostov a tsakiyar rangadin wasa. Charlie Rivel na Sifaniya, wanda aka haifa a 1896, ya haura tamanin yana fita fili da doguwar jar riga da kujera da jita, jama'a kuwa suna cika wuri don su ga yadda tsoho zai yi ta fama kafin ya hau kujerar nan. Gaskiya ne su biyun tun ƙuruciya suka fara. Amma abin da ya riƙe masu kallonsu a ƙarshen rayuwarsu tsufa ne ya ba su shi: nawar jiki, fuskar da ta ga jiya ta ga yau, da rashin gaggawa. Wanda ya shigo wannan sana'a yana da sittin ya zo da wannan jari a hannunsa, matashi kuwa sai ya jira shekara arba'in kafin ya same shi.

Ni ma sai da na ajiye aiki na fara sa jan hanci, wato ɗan ƙwallon nan ja da ɗan barkwanci ke maƙalawa a hancinsa, don haka abin da zan faɗa maka, ɗan'uwa, da ke 'yar'uwa, hanya ce da na taka da ƙafata.

Ka fara sanin irin aikin

Barkwancin da nake nufi shi ne na mai jan hanci, wanda ake gani a tantin wasan sakas (wasan nuna bajinta da ban dariya da ake yi cikin babban tanti), a dandalin wasan kwaikwayo, a bakin titi, da ɗakunan marasa lafiya. Ya bambanta da na mai tsayawa da makirfo yana zuba labarai masu ban dariya. Shi wancan wayo yake nunawa, yana sa a yi wa wasu dariya. Mai jan hanci kuwa kansa yake miƙawa. Yana son ya yi wani abu da zuciya ɗaya, abin ya gagare shi, ya bari a ga gazawar a fuskarsa, sannan ya sake gwadawa.

A al'adar sakas ta Turai da Amurka an san iri uku. Akwai mai farar fuska, ɗan gayu mai ba da umarni, wanda yake ganin ya san komai. Akwai Ogusta, mai jan hanci da tufafin da ba su yi masa daidai ba, wanda ke ɓata duk abin da aka sa shi. 'Yan'uwan nan uku na gidan Fratellini sun yi suna a Paris da wannan tsari, François da farar fuska, Albert a matsayin Ogusta, Paul a tsakaninsu. Na uku shi ne mai ɗaukar halin wani mutum da aka sani a rayuwa, kamar matalaucin ɗan yawon da Emmett Kelly ya yi a Amurka, wanda yakan ɗauki tsintsiya yana ƙoƙarin share hasken fitila daga ƙasa. Ka nemi bidiyon waɗannan mutane a intanet, har da Grock na Suwizalan da Slava Polunin na Rasha. Ka kalla sau ɗaya don jin daɗi, sannan ka kashe sauti ka sake kallo, kana ƙirga sau nawa suke tsayawa cik su dubi jama'a. Yawan zai ba ka mamaki.

Kada ka zaɓi irin da za ka zama tun yanzu. Jama'a ne za su gaya maka daga baya.

Jiki

Joseph Grimaldi, wanda ake ɗauka uban barkwancin zamani a Ingila, faɗuwa da tsalle-tsalle ne suka cinye masa jiki har ya bar fili a 1823 yana wajen shekara 45, ya rasu a 1837. Ka ɗauki darasi daga nan. Ba ka da buƙatar faɗuwa ƙasa ko sau ɗaya. Tuntuɓen da aka yi kamar za a faɗi aka tsaya ya fi faɗuwar ban dariya, kuma ba ya karya ƙugu.

In kana da hawan jini, ciwon zuciya, ciwon suga ko jiri, ka ga likita ka gaya masa ainihin abin da za ka riƙa yi: tsayuwar awa ɗaya ko biyu, sunkuyo, da zafin tufafi. Bayan haka ka ware minti 10 zuwa 15 kullum kana motsa wuya, kafaɗu, ƙugu da idon sawu, kana kuma koyon tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da bango. Sandar dogarawa, abin ƙara ji, ko gwiwar da ba ta lanƙwasuwa, kada ka ɓoye su. Sau da yawa su ne ke zama kayan wasanka mafi kyau.

Malami, da abin da zai same ka a ranar farko

Wannan aiki ba ya koyuwa a gaban madubi. Madubi ba ya dariya, kuma yana koya wa mutum yatsina fuska na ƙarya. Ka nemi horon 'yan kwanaki a makarantar wasan kwaikwayo ko ta sakas, ko wata ƙungiyar 'yan barkwanci. Kafin ka biya kuɗi ka tambayi malamin abu biyu: a gaban wa shi kansa ya yi wasa, kuma ya taɓa koyar da masu shekarunka? In babu malami a kusa, ka tara mutum uku ko huɗu masu irin niyyarka, ku riƙa haɗuwa mako-mako, kowa ya zama ɗan kallon ɗan'uwansa.

Jacques Lecoq, malamin wasan kwaikwayo wanda ya buɗe makarantarsa a Paris a 1956, ya taɓa sa ɗalibansa su fito ɗaya bayan ɗaya su ba sauran dariya. Suka yi tsalle, suka yi shirme iri-iri, ba wanda ya ko murmusa. Da suka gaji suka koma suka zauna jiki a sanyaye, kunya ta rufe su, sai ajin ya fashe da dariya. Daga nan ya gane cewa abin dariyar yana jikin mutumin da ƙoƙarinsa ya rushe, ya kuma bari aka gan shi haka. Babban ɓangare na koyarwar barkwancin zamani a kan wannan aka gina shi. Philippe Gaulier, wanda ya koyar a wurin Lecoq kafin ya buɗe tasa makarantar a 1980, an san shi da buga 'yar ganga ya sallami ɗalibi da zarar ya gundure shi. Ba lallai ka nemi malami mai zafi irin haka ba, amma ka guji wanda komai ka yi zai ce ya yi kyau.

Atisayen farko kusan ko'ina iri ɗaya ne, kuma kana iya yin sa da abokanka. Ka koma bayan labule ko ƙofa, ka sa hancin, ka ja numfashi. Ka fito ka tsaya a tsakiya. Ka dubi kowane mutum cikin ido, ɗaya bayan ɗaya. Kada ka yi komai. Minti biyu kawai, sannan ka fita, kana waiwayensu kafin ka ɓace.

A cikin minti biyun nan za ka ji hannayenka sun zama kaya, za ka so ka yi magana, za ka so ka yi wata rawa don ka tsira. Ka daure. Duk abin da ya taso maka, tsoro ne, kunya ce, ko dariya, ka bari ya fito a fuska ka nuna musu. In wani ya yi dariya, ka dube shi, ka lura da abin da ka yi kafin dariyar, ka sake yi. In ka yi abu ba a yi dariya ba, kada ka wuce kamar ba abin da ya faru. Ka tsaya, ka amsa da idonka cewa wannan bai karɓu ba. Yawanci a daidai nan dariyar take zuwa.

Ga dattijo, nan ne wurin yake da wuya, ya fi gwiwa da baya wuya nesa ba kusa ba. Ka yi shekara talatin ko arba'in ana girmama ka, kai ke gyara wa wasu kuskure, kai ake tambaya. Ka koyi rufe rauninka har ka manta inda yake. Yanzu ga shi ana ce maka ka tsaya gaban mutane ba ka san komai ba. Na ga waɗanda suka shugabanci ma'aikata da yawa suna rawar jiki a wannan atisaye, na kuma ga ranar da abin ya sake su. Girman da ka tara shi ne ke sa abin ya yi armashi, domin mai kamala da hularsa ta ƙi zama a kansa ya fi ɗan shekara ashirin da ke tsalle ba dalili taɓa zuciya. Kada ka jefar da kamalarka. Ka shigo da ita fili, ka bari ƙananan abubuwa su yi ta yi mata cikas.

Nemo naka ɗan barkwancin

Ba ƙirƙiro shi ake yi ba, yana jikinka tuni. Ka yi tafiyarka ta kullum ka zagaya ɗaki, wani ya biyo ka yana kwaikwayonka, sannan ka koma gefe ka kalle shi. Za ka ga kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, ko kai yana riga ƙafa yin gaba. Ka karɓi wannan tafiya ka ƙara mata kaɗan. Haka za ka yi da hali. Ka tambayi wanda ya daɗe da saninka abin da kake yi da ke ba shi dariya ba tare da ka sani ba. In mai son tsari ne kai fiye da kima, ko mai mantuwa, ko mai son a yaba masa, to ga kayan aikinka nan. Suna zai zo daga baya, gajere wanda yaro zai iya kira. Magana kuwa ka rage ta sosai a watannin farko. Masu shekaru sun iya zance, kuma zance wurin ɓuya ne.

Hanci, fuska da tufafi

Lecoq ya kira jan hanci abin rufe fuska mafi ƙanƙanta a duniya. Akwai na soso mai tsaga da ake maƙalawa, akwai na roba mai zare da ke zagaya kai, akwai wanda ake mannawa da gam na musamman na fata. Mai zare ya fi dacewa da mai koyo, muddin yana da hudar da za ka yi numfashi sosai. 'Yan sana'a suna da ladabi game da shi: ba a sa shi ko a cire shi a gaban masu kallo, sai an juya baya, kuma ba a wasa da shi da hannu.

Kwalliyar fuska kuwa ka yi ta kaɗan. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to fenti mai kauri rufe labarin yake yi, ga shi yana taruwa cikin tamojin fata yana tsagewa. Ɗan fari a ƙarƙashin gira da leɓen ƙasa, ɗan ja a kumatu, siririn baƙin layi inda kake son motsi ya fito, sun wadatar. Ka yi motsi da fuskarka ka ga inda take lanƙwasawa, ka bi waɗannan layuka. Kada ka zana murmushi har kunne, domin ranar da kake son nuna baƙin ciki zai ƙaryata ka. Ka sayi fentin da aka yi don fatar mutum kaɗai, ka gwada ɗan kaɗan a cikin damtsenka, ka jira kwana ɗaya ko biyu ka ga ko zai yi maka ƙaiƙayi. Fenti mai maiƙo ana danne shi da hoda da aka zuba cikin safa mai tsabta, a goge shi da man shafawar jarirai. Ja kuma kada ya kusanci ido.

Ka kalli fuskokin wasu don koyo, amma kada ka kwafa. A Ingila wani mai suna Stan Bult ya fara zana fuskokin 'yan barkwanci a kan ɓawon ƙwai a 1946, kuma har yau ƙungiyar Clowns International tana ajiye irin wannan rajista don a san fuskar kowa tasa ce.

Tufafi ka fara da abin da ke cikin akwatinka: kwat da ta yi maka yawa, wando da ya ɗage, hula da ta yi kaɗan. A sa manyan aljihu. Manyan takalman nan da aka san 'yan barkwanci da su ka bar su tukuna, tarkon faɗuwa ne. Ka sa takalmin da ke kama ƙasa, ka canza masa igiya zuwa mai launi.

Fasahar hannu guda ɗaya

Ɗaya ta isa. In jifa da cafe ƙwallo ne, ka fara da ƙyallaye marasa nauyi masu saukowa a hankali, sannan ƙwallo ɗaya daga hannu zuwa hannu daidai tsayin ido, sannan biyu: jefa, jefa, cafe, cafe. Kada ka taɓa ta uku sai biyun sun zauna. Ka tsaya a bakin gado kana yi, don abin da ya faɗi ka ɗauka ba sunkuyo. In murɗa balan-balan ne, wadda aka fi amfani da ita ita ce mai lamba 260, wato kaurin inci 2 da tsawon inci 60 in an hura. Da famfo ake hura ta, kada ka gwada da baki, kuma a bar ɗan wutsiya ba iska don murɗi ya sami wurin tura ta. Ka sani cewa fasasshiyar balan-balan tana iya shaƙe ƙaramin yaro, shi ya sa ake gargaɗi game da 'yan ƙasa da shekara 8, kuma jikin wasu ba ya shiri da robar, har asibitoci da yawa sun hana shiga da ita. Ƙaramin abin kiɗa ko dabarar ɓatar da ƙyalle a tafin hannu su ma sun isa. Ko wacce ka zaɓa, ka iya ta sosai, domin sai wanda ya iya abu ne yake iya ɓata shi daidai lokacin da ya so.

Wasanka na farko

Minti uku zuwa biyar. Buƙata ɗaya, matsala ɗaya. Ga misali: kana son ka zauna ka karanta jarida. Ka shigo, ka ga jama'a, ka yi murna da ganinsu. Ka buɗe jaridar, rubutu ya ƙi ganuwa. Tabarau yana bisa goshinka, kowa yana ganinsa ban da kai. Ka duba aljihun farko, babu, ka dubi jama'a. Ka duba na biyu, ka fito da abin da ba shi kake nema ba, ka dube su. Yara za su fara ihu suna nuna maka kanka, kai kuma ka ɗaga ido sama kana duba rufin ɗaki. A karo na uku sai abin ya sauya: ka sunkuya neman sa a ƙasa, ya zamo ya sauka kan hancinka da kansa, ka karɓi tafi kamar kai ka shirya hakan. Ka zauna, ka buɗe jarida, ashe a kife take.

Ka lura da abu uku a nan. Komai ana yin sa ɗaya bayan ɗaya, ba a haɗa motsi biyu. Bayan kowane abu da ya faru ana duban jama'a. Sannan mai wasan bai san yana ban dariya ba, shi da gaske yake son karanta jaridarsa. Ka rage sauri har ka ji kamar ka yi nawa da yawa, sannan ka ƙara ragewa. Ka sa a ɗauke ka bidiyo, ka riƙe littafi kana rubuta inda aka yi dariya da inda aka yi shiru, ka yanke duk abin da ya sha shiru sau uku a jere.

Fita gaban mutane

Ka fara da ƙaramin taro inda aka gayyace ka. Ka sani ba kowa ke son mai jan hanci ba. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Sheffield ta Ingila, aka bayyana a 2008, ya tambayi yara fiye da 250 game da adon ɗakunan asibiti, aka tarar ba sa son hotunan 'yan barkwanci, wasu ma tsoro suke ba su. Don haka ka tsaya nesa, ka bari yaro ya zo da kansa. In ya ɓuya bayan mahaifiyarsa, kai ma ka ji tsoronsa, ka ja da baya ka ɓuya bayan hularka. Kada ka ɗauki yaro, kada ka keɓe da shi, kada ka taɓa kowa sai ya miƙo hannu. Wanda ka jawo cikin wasa daga masu kallo shi ne gwarzo, kai ne mai shan kaye, kuma ba a yi wa ƙibar mutum, naƙasarsa, addininsa ko ƙabilarsa dariya. A ƙasashe da yawa doka tana neman takardar binciken hali ga mai aiki da yara, wasu wuraren kuma suna neman inshora, sai ka bincika dokar inda kake kafin ka karɓi gayyata.

Za a yi magana, wataƙila daga cikin gidanka ma. Wani zai ce wannan bai dace da shekarunka ba. Ba na ganin amfanin jayayya. Gemu ba ya hana ilimi, kuma gayyata ɗaya zuwa wasanka ta fi dogon bayani aiki.

Asibiti da gidajen kula da tsofaffi

Yawancin waɗanda suka fara da girma nan zuciyarsu take, kuma nan ne na fi roƙon a yi haƙuri. Michael Christensen na sakas ɗin Big Apple ne ya kafa rukunin ƙwararrun 'yan barkwancin asibiti a birnin Niyu Yok a 1986. Gidauniyar Theodora ta fara irin wannan a Suwizalan a 1993, shekarar da ɗan barkwancin Sifaniya Tortell Poltrona ya kafa ƙungiyar Payasos Sin Fronteras, wato 'Yan Barkwanci Marasa Iyaka, a Basalona bayan ya yi wasa a sansanin 'yan gudun hijira a Kuroshiya. A Sikotilan ƙungiyar Hearts & Minds tana da rukuni na musamman mai ziyartar tsofaffi masu cutar mantuwa. Irin waɗannan ƙungiyoyi tantance mutum suke yi su horar da shi, domin kyakkyawar niyya kaɗai tana iya yin ɓarna a ɗakin mara lafiya.

Ka yi aƙalla shekara ɗaya kana wasa gaban masu lafiya kafin ka nemi shiga. In ka shiga, bibbiyu ake aiki. Ana fara ganin ma'aikaciyar jinya a ji wanda za a iya ziyarta da wanda za a bari ya huta. Ana wanke hannu kafin kowane ɗaki da bayansa, ana goge kayan wasa, ba a zama a kan gado, ba a ba da abin ci, ba a ɗaukar hoto, abin da aka gani kuma a nan yake tsayawa. A bakin ƙofa ake neman izini. Yaron da ya ce a'a, sai a tafi da fara'a, domin wataƙila kai kaɗai ne a yinin nan ya iya kora, likita da mai allura ba sa koruwa.

Wurin tsofaffi masu mantuwa kuwa furfurarka ita ce takardar shigarka. Ka zo ta gaba inda za a gan ka, ka zauna daidai tsayin idonsu, ka faɗi sunanka kowane zuwa ko da jiya ka zo. In tsohuwa ta kira ka da sunan ƙanenta, ka amsa. Ka nemi ta taya ka ɗaura maɓallin kwat ɗinka da ka sa a hudar da ba tasa ba, ka riƙe hannunka a gefe, ka jira ta gama komai daɗewar da za ta yi.